Ban Fasa Bango Ba

Ran Talata ɗana Anselmo ya hawo bene da magini,
mutum mai fensir a bayan kunne, igiyar awo a ƙugu.
Ya ƙwanƙwasa bangon kicin, ya kasa kunne
kamar likita a ƙirjin tsoho.
Ya ce wannan a fasa, wancan a rushe,
shuɗin tayil ɗin nan ya ci zamaninsa.
Sannan ya rubuta lamba a bayan ambulan.
Na duba. Na sa tabarau na sake dubawa.
Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa taragon lantarki
a hawa da gangaren Porto,
hannuna bai taɓa riƙe irin wannan kuɗi ba.

Na zuba masa gahawa. Ya sha, ya sauka.
Garin neman gira ake rasa ido.

Da dare muka zauna, ni da gidan,
kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara magana.

Kujerar Ermelinda na soma ja.
Damina huɗu tana kallon talabijin a kashe,
ƙafafunta sun haƙa ramuka huɗu a darduma.
Na juya ta wajen taga.
Taku uku ne kacal, amma sai da na zauna na huta,
kuma ba don nauyinta ba.

Labulen nan mai ruwan ƙasa, mai kaurin bargo,
na sauke shi, ya yi mini atishawar shekara ashirin.
A ƙasan durowa akwai farin ƙyallen tebur
da ta yi wa ado da zare da hannunta,
ta ajiye wa manyan baƙi.
Manyan baƙin ba su zo ba.
Na rataye shi. Rana ta zo.

Madubin zaure, da bai san kowa ba sai fuskata,
na kai shi ɗaki, na kafa shi daura da taga.
Yanzu kogin Douro yana shigowa ba sallama,
da jiragen ruwansa, da tsuntsayensa masu tsiwa,
bai jiƙa mini ko silifa ba.

Ta sha roƙona in shafa wa kantar kwanuka ruwan ɗorawa.
Kullum in ce gobe.
To, goben ta iso a ƙaramin gwangwani,
da buroshi mai zubar da gashi.
Fentin bai kwanta daidai ba. Da ta yi dariya.

Maƙwabciyata Filomena ta leƙo, ta ji wari,
ta koma, ta dawo da ɗoɗɗoya a gwangwanin kifi.
Ta ce kada in cika mata ruwa, ba agwagwa ba ce.

Sai da na ture kabad zan share bayansa
na ga layukan fensir suna hawa bango kamar tsani:
Anselmo, shekara huɗu. Anselmo, shida. Tara.
Rubutunta ne, mai karkata hagu.
Bangon nan ne magini ya ce a fara da shi.

Ran Lahadi yaron ya dawo da sabon lissafi, wai an rage.
Ya tsaya a bakin ƙofa, takarda a hannu,
yana neman gidan da ya bari.
Ya ce, Baba, wa ka ɗauka aiki?
Na ce cire takalminka, jingina a nan.
Mutum mai furfura a gemu ya miƙe, ya ɗaga haɓa,
na hau kujera, na ja layi bisa kansa.

Famfo yana nan yana ɗiga,
tsagar silin ma ba ta je ko'ina ba.
Gobe zan sayi ƙwan fitila mai taushin haske.
Jibi kuma, mu gani.